An yi min ta'aziyyata ina zaune bisa tabarma

Wannan saƙon murya ne wata dattijuwa ta aiko daga wajen Sabon Birni, na rubuta shi yadda ta faɗa. Ta roƙa a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ku aje abin da ke hannunku ku ara min kunne, manya da yara, abin da za ni faɗi ba tatsuniya ba ne ko da ya yi kama da ita. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ban san harafi ko guda ba. Ina zaune wani ƙauye ta gefen Kurawa, ni da surukata, matar ɗana marigayi, da ƙananan 'ya'yanta. Babban jikana, za ni ce da shi Bashiru ko da ba shi ne sunan ba, a hannuna ya tashi tun yaye, kuma duk zuri'armu shi kaɗai ya taka jami'a, shina karatun injiniya can birni.

To akwai wani darasi da ya tsaye mashi a maƙogwaro, difarensha ikweshan, in na faɗi daidai. Na taɓa tambayarshi mi ke nan, ya ce lissafi ne na abin da ba ya tsayawa wuri guda, kamar a ce ka san yadda ruwan rijiya ke ja baya kullum, sai ka lissafo ranar da guga za ta taɓo laka. Na ce to, Allah shi ba da sa'a. Bara ya faɗi, sunka ce kari-oba, wato sai ya maimaita darasin. Bana in ya sake faɗuwa, sallamarshi za a yi daga injiniya.

Da ya zo hutu ya zauna shina jera min dokokin malamin kwas ɗin, waɗanda anka karanta masu ranar farko kowa ya sa hannu. Malam in ya shiga aji, ƙofa ta rufu, ko ɗan wa kake. Wanda fashinshi ya yi yawa ba ya zama jarrabawa. Aikin gida, da wanda ya kwafa da wanda ya bari anka kwafa, duka sifili. Tes ɗin tsakiyar zango kuwa, wanda bai zo ba ba a sake mashi, sai in asibiti ta kwantar da shi, ko an yi mashi rasuwa ta kusa, uwa ko uba ko wanda ya rene shi, shi ma sai da shaida. Wanda kuma anka kama ya yi ƙarya a kan uzuri, kwamiti za a kai shi, kwamiti kuwa kora ce. Na ce wanga malami ne ko Walakiri? Ya yi dariya ya ce, ke dai tsohuwa ki daure ki yi ta rai, kar ki sa mu ci gumba ba digiri. Na ce ja can, ragon miji, ni za ni ci ta aurenka.

Ku da ke birni wataƙila ba ku san halin da muke ciki ba. Shekarun nan damina rowa take mana. Bana munka yi shuka ta ƙone, munka sake ta ƙone, irin da ya rage bai cika ƙwarya ba. Ana nan sai Allah ya saukar da ruwa mai ƙarfi, irin wanda in ba ka bi laimarshi nan da nan ba, shekara ta tafi ke nan. Kawun Bashiru ya ƙetara Nijar da kaya, hanya ta hana shi dawowa, maƙwabta kowa ta gonarshi yake. Na sa anka kira min yaron. Allah shi ne shaida ban ce ya zo ba, cewa na yi, maigida, ruwa ya sauka, ga mu nan mu kaɗai. Washegari da hantsi sai ga shi ƙofar gida shina neman sungumi. Shina gaba shina sara, mu muna baya muna jefa iri muna take da diddige, har munka gama gonar. Bai gaya wa kowa ba cewa ranar nan ce ranar tes.

Anka kwana biyu, shuka ta tsiro, wata Asabar bayan azahar ina tsinkar zogale sai wayar surukata ta yi ƙara. Na ga fuskarta ta sauya. Ta zo ta durƙusa gabana ta ce, Inna, baƙo na tafe, ki rufa mana asiri. Ashe da Bashiru ya koma, ofis ɗin malamin ya shiga ya ce kakarshi da ta rene shi ta rasu. Malamin kuma ashe mutumin garin Isa ne, nan kusa da mu, ya zo gaida mahaifiyarshi, ya ɗauko yaron a mota ya ce ba zai zo kusa haka bai yi ta'aziyya ba. Ban gama salati ba na ji tsayuwar mota. Mutanen gari duk suna gona, ba wanda zai ɓata magana, ba kuma wanda zai cece ni.

Anka shimfiɗa tabarma a zaure, anka ce ni ce ƙanwar marigayiya. Ina tsammanin ganin wani ƙato mai jan ido, sai na ga siririn mutum mai furfura, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya ce, Inna ya haƙuri? Na ce da godiya. Ya ɗaga hannu ya ce Allah shi jiƙanta, shi haskaka kabarinta, shi sa ta huta, shi kyautata namu zuwan. Jama'a, da bakin nan nawa na ce amin. Ya tambayi ciwon mi ta yi, surukata ta ce tsufa ne da ɗan zazzaɓi. Ya dube ni ya ce kai, jini ba ya ɓuya, Bashiru kamarki sak. Ya ce shi ma kakarshi ta rene shi, shi ya sa da yaron ya shigo shina hawaye bai nemi takarda ba, don ya san a ƙauye ba a yankar wa tsohuwa takarda, ya sake mashi tes ɗin a kan amana. Bashiru na rakuɓe jikin bango kanshi a ƙasa, ko motsi. Malam ya so a kai shi maƙabarta, sai surukata ta ce la'asar ta gabato, hanyarmu kuwa ba a bin ta da yamma. Abin da ya fid da mu ke nan. Da zai tafi ya sa anka sauke rabin buhun gero, ya ce ya san shekarar, a yi wa marigayiya sadaka.

Mako ya zagayo yaron ya dawo, munka yi ta. Na ce don mi ba ka faɗi gaskiya ba? Ya ce a dokar nan kaf babu inda anka rubuta shuka, asibiti ce da mutuwa kawai, in ya ce gona ya tafi sifili ne ba makawa. Na ce to ka rasa wanda za ka kashe sai ni, ga ubanka nan da ya riga ya tafi? Ya ce rasuwar babanshi na cikin fayil tun shekarar farko. Sannan ya ce, Inna, ke kaɗai na san za ki yafe min. Na ɗaga hannu in mare shi, hannun ya ƙi sauka. Geron nan na rantse ba zai shiga turmina ba. Amma rumbu wayam, ƙananan na kuka, surukata ta surfa ta yi kunu. Na daure na daure, daga baya ni ma na sha. Na sha kunun sadakar mutuwata.

Da a nan ta tsaya da na haɗiye na bar wa Allah. To yaron ya ci tes ɗin da maki mai kyau, amma manyan sashensu sun ce ba a shigar da makin sai an kawo takardar mai gari da hatimi, wadda ta ce na rasu, kafin babbar jarrabawa, ita kuwa saura kaɗan. In babu takarda makin ya zube, kuma malamin kanshi sai ya amsa tambaya don mi ya karya dokar da shi ya kafa. Mai garinmu kuwa tun ina amarya ya san ni, ko jiya ya tsaya bakin danga ya tambayi ƙafata.

Surukata ta ce mu tafi mu roƙi mai gari, ai takarda ce kawai, ba ita ke kashe mutum ba. Kawun yaron ya bugo daga can ya ce kowa ya ja bakinshi, wataƙila a manta. Ni kuma zuciyata na ce min ranar kasuwar Isa in hau mota, in nemi gidan mahaifiyar malamin, tsohuwa ce irina, in durƙusa in ce ga gawar ta zo da ƙafarta. Amma in ta gaya wa ɗanta, shi kuma ya bi dokarshi, da hannuna na kai jikana kwamiti. Mutumin da ke rufe ƙofa ko ɗan wa kake, kuma anka ci amanarshi a kan abin da ya fi taɓa mashi zuciya, ban san mi zai yi ba.

Ga inda kowa yake yanzu. Bashiru na makaranta, bai sake fashi ba, layin gaba yake zama, ya ce kullum malam sai ya tambaye shi ya mutanen gida, ya Inna, yaron kuwa duk ya rame kamar mai jinya. Surukata ta daina haɗa ido da ni, a ƙofar ɗaki take aje min tuwo. Kawu har yau bai dawo ba. Mai gari bai san komi ba tukuna. Ni ina nan da raina, amma in na ji mota sai in shige ɗaki. Kwanan nan ƙirjina na min nauyi, sai nake tunani, in Allah ya ɗauke ni da gaske kafin jarrabawar nan, da wane baki yaron zai nemi izinin zuwa ya rufe ni?

Ku masu boko, in ɗalibi ya kai kanshi da kanshi, kwamitin nan na sassautawa ko duk ɗaya ne? Ku malaman addini, geron nan da munka ci mi ne hukuncinshi? In tafi wurin mai gari, in yi shiru, ko in hau motar Isa? Don Allah kar ku zagi yaron, ni ku gaya wa abin yi.