Don Ka Ji Kiran Inna

Mahdi,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Sharja, ban da zafin rufin da muke aiki a kai, wanda ba ka taɓa tambaya ba.

Saƙonninka duk na hedifon ɗin sutudiyonka ne. Na sayi matsakaici, da ƙaramar amfilifaya mai ƙara sauti daidai shi. Mai tsadar, ka saya da guminka.

Ƙanwarmu Murjanatu ta ce Inna kan kira ka har muryarta ta dishe, kana ɗaki kunne toshe. Shi ya sa na zaɓi mai buɗaɗɗen baya, duk motsin gida yana shiga. Yanzu in ta kira ba ka amsa ba, kada ka ɗora wa hedifon laifi.

Allah ya ba ta lafiya.

Yayanka,
Kabo