Ɗan Maɓallin Jikin Tsinke

Litinin, 3 ga Maris

Kai da ke leƙa min rubutu ba da izinina ba, ka taɓa ganin wutar lantarki da idonka? Ni yau na gan ta. Kawu ya kawo tsohuwar osilosikop daga wata makarantar fasaha da aka rufe, ya dire min a teburin shago, ya ce tunda ni ne mai cinye littattafai, ga wannan ma in cinye. Akwati ce mai nauyin tsiya, da ɗan allo mai gida-gida. Mita lamba kawai take ba ka. Ita wannan zana maka wutar take yi, koren layi yana hawa yana sauka, kamar na bugun zuciya a asibiti. Tsayinsa ƙarfin wuta, faɗinsa lokaci. Na taɓa bakin tsinken awon da ke kan wayarta da yatsa, layin ya kama rawa. Na ce wa Kawu gyaran lalube ya ƙare a titin nan. Ya ce to.

Laraba, 5 ga Maris

Mai kemis ya kawo inbatarsa, wadda ke riƙe masa firjin magunguna in an ɗauke wuta. Satin jiya Dogo, mai gyaran tsallaken titi, ya canza mata fanel, wato faifan wayoyin cikinta, ga shi har yanzu tana ɗaukewa. Na ɗora tsinke inda ya kamata a samu bolt goma sha biyu. Da ƙyar layin ya wuce ɗaya.

Na fita bakin titi na ƙwala wa Dogo kira, gaban mai aski da masu jiran mota. Na ce fanel ɗin bola ya liƙa wa mutum, yana wasa da maganin marasa lafiya. A hankali ya ce, "Ƙanena, sabo ne, da hannuna na fasa ledarsa." Na ce ya zo ya yi wa allo gardama. Ya tsallako, ya tsaya yana kallon koren layin da bai iya karantawa ba, ya juya ya koma. Aka bi shi da dariya. Daɗi na ji, ba na musu.

Alhamis, 6 ga Maris

An fara kwaso rediyoyi daga wurin Dogo ana kawo mana. Mai aski yanzu Injiniya yake ce min.

Asabar, 8 ga Maris

Na sa wani fanel. Awo bai canza ba. Na gwada batirin tocila, layin ko motsin kirki bai yi ba. Na juya tsinken, ashe akwai ɗan maɓalli a jikinsa, bai fi ƙwayar wake ba, gefe 1, gefe 10. Yana kan 10. In yana can, rage abin da ya shigo yake yi sau goma, kai za ka ninka a kanka. Kuma na karanta wannan, har layi na ja masa a littafina.

Sha biyu ne cif. Fanel ɗin Dogo lafiyarsa lau. Kan batirin inbatar ne ya yi farin gishiri. Na kankare, na mayar da nasa fanel ɗin, inbata ta tashi kamar sabuwa.

Lahadi, 9 ga Maris

Inna ta tambayi me ya hana ni cin abinci, na daka mata tsawa. Ita me ta yi?

Litinin, 10 ga Maris

Na gaya wa Kawu. Bai ɗago daga rediyon da yake gyara ba. Ya ce, "Kai kaɗai ka iya karanta akwatin nan a duk titin, kai kaɗai ka san abin da ta ce." Shi ke nan. Da zagina ya yi, da ya fi min sauƙi.

Mai kemis ya zo ɗaukar kayansa, yana sa min albarka yana tsine wa Dogo, alhali fanel ɗin Dogon yake rungume da shi. Ni kuwa har gyaɗa kai na yi.

Su ma masu ƙera tsinken, wane irin rainin wayo ne a ɓoye abu haka?

Laraba, 12 ga Maris

Da safe Dogo yana sharar ƙofar shagonsa, teburinsa wayam, ya ɗago tsintsiya ya ce, "Ƙanena, an tashi lafiya?" Na yi kamar ina neman abu a ƙasa.

Na ja doguwar waya har bakin titi, na gwada, akwatin tana kamawa a can, allon yana ganuwa in an kare rana. Ba don Dogo ba ne fa. Ba na so a ce na'urar ce ta yi ƙarya.

Kai Injiniya, da kaina nake, a bakin titi ka buɗe baki, ba a takardar nan ba. Gobe in motar safe ta tara mutane, mai aski ya buɗe, ka kira mai kemis, ka kira Dogo, ka tura maɓallin nan a gabansu, ka amsa da irin muryar da ka yi ran Larabar da ta wuce: wa ya yi wasa da maganin marasa lafiya?