Motar Marigayi da Ɗaukar Amarya

Mai filin nan, ka taimake ni. Ni tsohuwa ce a Unguwar Boro, makarantata aji uku ce, ka yi haƙuri da rubutun. Maigidana Benson ya rasu shekara shida ke nan, ya bar min doguwar baƙar mota irin ta manya. Ban iya tuƙi ba, amma kullum da safe sai na tayar da ita ta yi ɗumi, yadda yake yi, in kashe. Tun rasuwarsa ko ƙofar gida ba ta taɓa fita ba. Baƙin mai ban canja ba, ina ta je da zai lalace? Ruwa daga rijiya nake zuba mata, fetur kuma wurin 'yan bumburutu.

Yanzu tana kakkarwa, tana hayaƙi, allurar zafi tana hawa, ƙarƙashinta duk ɗigon mai. Soja ma sun bar mulki sun tafi, ita tana nan inda take. Ɗana Jethro ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Ba kukan mamaci nake ba, mutumin ya fi kula da motar a kaina. Amma na faɗa a zumuntar matan cocinmu, kowa ya ji, cewa ita za ta kai jikata Grace coci ranar aurenta, saura mako huɗu. Akwai Ɗahiru bakanike a Makera, amma ba na so ta fita a sauya mata kaya. Yaya zan yi?

Mama Mai Baƙar Mota

AMSA

Mama, sannu da ƙoƙari. Kin yi shekara shida kina jinyar mai lafiya har ya kwanta. Ɗumin safe ba tare da tafiya ba shi ya cika fulogi da baƙi, ya kawo kakkarwar. Baƙin mai yana tsufa ko a ajiye. Ruwan rijiya yana toshe lagireto, shi ne zafin. Man bumburutu sau da yawa da kalanzir a ciki. Ɗigon kuwa robobi ne suka bushe.

Jethro yana da gaskiya ta wani ɓangaren: idan zafin ya ƙona gaskit ɗin kan inji, aikin ba ƙarami ba ne. Amma ba a sayar da irin wannan mota kafin a buɗe ta. Ki daina tayar da ita daga gobe. A ja ta zuwa wurin Malam Ɗahiru, ki ɗauki kujerarki ki zauna a garejin, ba mai sauya ƙusa kina kallo. A duba burki da tayoyi. In ta gyaru, a gwada ta zuwa coci sau biyu. Ranar auren Jethro ya biyo ku da wata motar, don amarya ba ta turi.

Allah ya ba Grace zaman lafiya, ya ƙara miki kwana.