Kwalbar Inna

Unguwar Rogo, Sakkwato
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Gazali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Ya aikin fadama? Allah ya ba da sa'a. Goggo Mairo tana gaishe ku.

Na rubuto ne saboda in na karɓi wayar Goggo, kowa a tsakar gida sai ya kasa kunne, ni kuma maganar ta maƙale mini. Direban motar Wurno zan ba takardar nan.

Yaya, keken ɗinkin da ka saya mini wurin Baba Tambari ba shi da lafiya. Da farko yana tafiya sumul. Yanzu ya yi nauyi, sai na danne da ƙafa biyu kafin ya juya. Yana tsinke zare, yana tsallake ɗinki, wani lokaci ya dunƙule zaren a ƙasa ya cinye yadi. In na dawo gida cinyoyina ciwo suke kamar na wuni ina kirɓa dawo. Ga kiyashi da suka addabe shi. Anti Esther, wadda nake koyon ɗinki a shagonta, ta ce alewa muke ci a kan keke. Ni kuwa ban taɓa ci ba.

Ka gaya wa Inna ban yi sakaci ba. Kullum da safe in na share shago, kafin kowa ya zo, ina ba shi mai kamar yadda ta ce.

Dokar Anti ita ce kowace yarinya da kekenta. Jiya ta ce in ba a gyara nawa ba kafin aikin kayan makaranta ya shigo, za ta ba wata Jamilatu wurina, don ta daɗe tana jira. Ba da faɗa ta faɗa ba. Ita ma ta gaji da warware ɗinkina.

Ba na son a ba da wurina, Yaya. Na fara iya wuyan riga.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Wasila

*

Wurno
Ranar Laraba

Wasila,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta wa Inna. Muna lafiya, sai gajiya. Tsuntsaye sun sauka a shinkafa, tun asuba nake kora, muryata ma ta dushe.

Raina ya ɓaci. Baba Tambari ya rantse mini keken nan lafiya lau yake, idonsa ne kawai ya daina ganin kafar allura. Na same shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, na ce masa ya dubi marainiya ya sayar mata da gawa. Gaban mutane na faɗa. Ya ce da keken nan ya ɗinka rigar sunana. Na ce to tun lokacin ya kamata a binne shi. Yanzu ko gaisuwa ba ma yi.

Ga abin da na yanke. Juma'a ta sama zan shigo gari in ɗauki keken in mayar masa. Ke ma ki haɗa kayanki mu dawo tare. Ki taya Inna murza taliya, in an yi girbi a ga abin da Allah zai yi. Ba zan iya kashe kaina a fadama ina ciyar da ƙarfe ba.

Inna tana gaishe ki. Ta ce kafin in zo ki ƙara masa mai, ko zai saki.

Yayanki,
Gazali

*

Unguwar Rogo
Ranar Asabar

Yaya Gazali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da gajiya. Sannu da tsuntsaye.

Don Allah kada ka zo. Anti ta raka ni wurin wani mai gyaran keke a Ƙofar Dundaye, Malam Arzika. Ya duba, ya ce zai gyaru, kuma Anti ta ce ita za ta ji da shi. Keken yana wurinsa yanzu.

Kuma don Allah ka riƙa gaida Baba Tambari. Tsoho ne.

A gaida Inna.

Wasila

*

Wurno
Ranar Litinin

Wasila,

Salam. Mai gyara ba ya taɓa cewa abu ba ya gyaruwa, da me zai ci? Yau a gyara, gobe ya koma. Keken da ya mutu a hannunki cikin ɗan lokaci kaɗan, da ma can matacce ne. Na riga na yi wa direba magana, zai bar mana wuri a baya. Ki karɓo shi daga wurin mutumin nan kafin Juma'a.

Maganar gaisuwa kuma ki bar mini.

Gazali

*

Unguwar Rogo
Ranar Talata

Yaya Gazali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Wannan takardar kada ka karanta wa Inna duka. Ka karanta mata gaisuwa, ka ce ina lafiya, ka tsaya nan.

Ban gaya maka komai ba a waccan. Ga yadda aka yi.

Mun cire kan keken, na rungume shi a cinya a kan babur ɗin kabu-kabu har Ƙofar Dundaye, Anti tana biye da mu a wani. Hannuwana har yau ba su dawo daidai ba. Malam Arzika ya kwance murfin gefe, ya sa yatsa ya lakato wani abu baƙi mai danƙo. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ɗinki kike da wanga keke, ko ƙosai kike soyawa cikinai?"

Na sunkuyar da kai. Anti ta ce, "Baba, mai ƙosai ce a gefen shagonmu, komai namu ƙamshinta yake."

Ya ce, "A'a, Madam. Ƙamshi ba ya shiga cikin ƙarfe. Ɗiyata, mi kinka zuba mai?"

Na fiddo kwalbar daga jakata. Ka san ta, Yaya. Ita ce wadda Inna ta cika mini da man gyaɗar da ta matsa da hannunta ranar da zan taho. Ta ce da shi take shafa wa injin taliyarta tun kafin a haife ni, bai taɓa ba ta kunya ba, in riƙa ɗiga wa keke kullum kada ya ji yunwa. Sauran 'yan shago suna da ɗan gwangwani mai dogon baki na kanti. Ni ina jin kunyar fito da kwalbar gida a gabansu, shi ya sa nake sawa kafin su zo. Da Anti ta gani sau ɗaya, da ta hana ni.

Malam Arzika ya ce man gyaɗa in ya daɗe a ƙarfe danƙo yake zama, ya haɗu da gashin yadi ya liƙe komai. Injin taliya ana goge shi kullum, keke kuwa yana haɗiyewa. Shi ne kiyashin suke bi. Ya ce keken kansa irin na da ne, ba a samun irinsa yanzu, wanda ya riƙe shi ya san darajarsa. Ya jiƙa shi a kananzir, yana wankewa a hankali.

Ya tambaye ni wa ya koya mini wannan. Na ce ni ce. Yaran shagonsa suka yi ta dariya, suna ce mini mai ƙosai. Anti ba ta yi dariya ba. A hanya ta ce, "Wasila, bakin nan naki ba ado ba ne. Ki riƙa tambaya."

Ka ga Baba Tambari ba shi da laifi. Inna ma ba ta da shi. Gyaɗar da ta rage mata ce ta matse mini. In ta ji, ba za ta iya haɗa ido da mutanen gari ba, kuma ka san ta, abinci ma sai ta daina ci. Ka ce mata datti ne ya shiga. Ka ce wa Baba Tambari wautata ce.

Na gaji, Yaya. Amma a bar ni a nan. Anti ta ce za ta jira ni zuwa Asabar.

Ƙanwarka,
Wasila

*

Wurno
Ranar Alhamis

Wasila,

Salam. Na karanta gaisuwa na tsaya, kamar yadda kika ce. Inna ta dubi takardar ta ce, duk wannan rubutun gaisuwa ce? Ta ce ni ma na fara tsallake kamar keken. Ta sa na karanta duka. Sannan ta ɗauki mayafi ta ce in wuce gaba, muka tafi gidan Baba Tambari. Ita ta yi bayani da bakinta. Ni na durƙusa. Ya ce tunda a ƙofar masallaci na faɗa, can zan je in janye. Gobe bayan Juma'a zan yi, saboda haka ba zan samu zuwa ba. Ki zauna wurinki.

Ya ba ni ɗan gwangwaninsa mai dogon baki in aiko miki. Ya ce ɗigo kaɗan, ba kullum ba.

Ga saƙon Inna, yadda ta faɗa:

"Wasila, kin ɗauki dariyar da tawa ce. Kada ki sake. Ga wata kwalba nan na cika. Wagga taki ce, ba ta keke ba. Ki zuba a wake ki ci, an ce kin rame."

Allah ya huta gajiya.

Yayanki,
Gazali