Hoton Ƙwaƙwalwar Baba

Yaya,

Na ga ka dawo aiki a gajiye, na kasa tashinka. Na koma asibiti wajen Baba.

Likita ya ce sai ya ga hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauki Baba bara kafin ya yi masa tiyata, kuma yau yake so. Inda aka ɗauka sun ce nasu ya ɓace. Na cikin kwamfutar falo kaɗai ya rage mana.

Tun asuba nake kanta. Na rubuta "hoto", na rubuta "asibiti", na rubuta sunansa, babu. Har kwandon shara na leƙa. Umma ta ce ɓoye foldar ya yi saboda jikokinsa masu goge-goge, ni kuma ban san yadda ake fito da ɓoyayyar folda ba.

Don Allah kana tashi ka zauna kanta, na bar ta a kunne. In ka samu, turo min ta waya.

Jiya na tambayi Baba inda ya ajiye. Ya sani, Yaya, na gani a idonsa. Bakin ne ya ƙi motsi.

Ƙanwarka