Na'urar da Umma Ta Zaɓa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya ciwon haƙorin nan? Ina fatan ya lafa. Nan gida kowa lafiya, ni ce dai hankalina ba a kwance yake ba.

An ɗora wa Umma zaɓen na'urar karanta DNA ta ɗakin bincikensu, wadda za ta nuna musu irin ƙwayar cutar da ke jikin majinyata. Guda biyu ake dubawa. Babbar ta kai firij, tana karanta ɗaruruwan samfur na majinyata a tashi ɗaya. Ɗayar a kan tebur ake ɗora ta. Shugabansu babbar yake so, wai ko baƙi suka zo su san ana aiki.

Yaya, idan ita aka saya, Umma za ta tafi koyon sarrafa ta wata da watanni, daidai lokacin jarrabawarmu ta ƙarshe. Ni kuma gidan Gwaggo za a kai ni, inda 'yan biyunta suke yaga duk littafin da suka gani. Na kasa yi wa Umma maganar. Da na buɗe baki sai in ji na ce, "Umma, in kawo miki ruwa?"

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, albishirinki! Umma ba za ta tafi ba.

Ashe babbar kamar motar tasha take, ba ta tashi sai ta cika. Idan aka kunna ta da samfur kaɗan, sinadaran da aka zuba sun tafi a banza. Su kuwa nasu samfur ɗin kaɗan-kaɗan yake zuwa daga asibiti, likitoci na jiran amsa. Umma ta ce ta tambayi shugaban a taro, "Ranka ya daɗe, mai zazzaɓi ne zai jira fasinja?" Kowa ya yi dariya ban da shi. Har yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwarta, abin yana damuna.

Ta kan tebur aka zaɓa, kuma a nan za a koya musu. Da na ji, kuka ya ƙwace mini, na faɗa wa Umma duk abin da ke raina. Umma ta ce, "Shi ya sa kike ta ɗura mini ruwa?" Ta ce da a ce babbar ce ta fi dacewa da majinyata, da ta tafi, amma da sai mun zauna mun yi shawara tukuna.

Yau na ci abinci har da ƙari. Ki gaida abokiyar ɗakinki.

Taki har kullum,
Auta