Sai Ta Ji Muryar Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara. Kada ki zage ni sai kin gama karantawa: wayata ta faɗa bokitin ruwan sabulu a nan ƙasar waje inda muke kwas ɗin gyaran injina, ta mutu murus. Shi ya sa kuka ji ni shiru. Wannan ma a ɗakin karatu na unguwa nake buga ta, inda ake barin mutum ya hau intanet kyauta na ɗan lokaci. Kwamfutar ba ta da abin magana, kuma ko tari ka yi sai wata tsohuwa ta ɗago tabarau ta harare ka. Ki ce wa Inna lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai ya sako ni gaba.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Mu dai ba lafiya ba. Litinin da safe za a yi wa Inna aikin cikin nan, likita ya ce in aka ƙara jinkiri babu ruwansa. Ita kuma ta kafe, ba mai taɓa ta sai ta ji muryarka. Na karanta mata wasiƙarka, ta ce ni na rubuta. Na kunna mata wani tsohon saƙon muryarka, nan na ƙara jagula lamarin. Ka tuna maƙwabciyarmu da ɗanta ya rasu a tafiya tana kwance a asibiti, aka yi ta kunna mata tsoffin saƙonninsa har aka sallame ta? To, da Inna aka ƙulla wannan dabarar. Yanzu gani take ita ake yi wa. Ka nemo waya ko ta waye, ka ji ko?

Yayarka

Yaya,

Barka da ƙoƙari, ya mai jiki? Wallahi tun da na karanta nake neman waya. Abokan kwas sun watse hutun ƙarshen mako, matar da nake haya a gidanta ko gaisuwa ba ta amsawa. Na sayi katin kira mai arha, ashe shi ma sai da waya, rumfunan wayar bakin titi kuwa duk an cire musu hanji. Amma Allah ya haɗa ni da wani mai aski a ƙasan benenmu. Ya ce in zo Lahadi dab da zai rufe, ya ara mini tasa in kira ta intanet ɗin shagon. Ki zauna kusa da Inna da la'asar ɗinku. Ku huta lafiya.

Auta

Auta,

Gaisuwa ta jira. Mun riƙe waya tun la'asar har aka kori masu dubiya. Inna ta juya fuska bango, ta ce in haɗa mata kayanta, gobe gida za ta je ta karɓi gaisuwar ɗanta. Me ka mayar da mu ne?

Yayarka

Yaya,

Ina kwana, ki yi haƙuri ki saurare ni. Ashe mutanen nan matsar da agogo suke yi in yanayi ya juya! Jiya kowa ya tura nasa gaba da awa guda, ni nawa na hannu yana nan yadda yake, ba wanda ya gaya mini. Na isa da wuri a lissafina, na tarar da kwaɗo a ƙofar mai askin. Na buga har maƙwabta suka leƙo.

Yau da safe na tsaya a tashar mota ina tare mutane. Duk wanda na nuna wa kunne da hannu sai ya ƙanƙame jakarsa ya ƙara sauri. Wata mai shara ce ta dube ni, ta jingine tsintsiya ta miƙo mini wayarta. Sauran kin sani, ke kika ɗauka. Na ji Inna tana cewa, "In kai ne, me na ce maka a bakin mota ranar tafiyarka?" Na amsa, Yaya, na amsa da ƙarfi har sau uku, amma layin sai karkatsewa yake, can ya mutu ɗungurungum. Ban san lokacin da na fashe da kuka a gaban jama'a ba. Don Allah ta ji ni? Ina gaban kwamfutar nan, ba zan tashi ba ko za su kira mini mai gadi.

Auta

Autan Inna,

Sannu. Amsarka ko kalma ɗaya ba ta iso ba, kukan ne kawai ya zo tangaram kafin layin ya yanke. Sai Inna ta ce, "Duk saƙonninsa na haddace, babu wanda yake kuka a ciki. Wannan na yau ne. Ku tura ni."

Sun shiga da ita ɗakin tiyata. Ina bakin ƙofa, ba wanda ya fito tukuna. Ka koma wurin mai sharar nan, kada ka yi nisa da ita.

Yayarka